Farin ɓawon da ke maƙale wa tayil ɗin wurin ninkaya

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ke kula da wurin ninkaya na wani gida. Wani farin abu mai kaushi ya zagaye tayil, daidai inda ruwa ya tsaya. Na sa sabulu da burushi, ko gezau. Mene ne shi, kuma da me ake cire shi?

Amsa: Barka kadai. Sabulu ba zai taɓa shi ba, don ba dauɗa ba ce. Sinadarin kalsiyam ne da ke narke a cikin ruwan. Ruwa ya fantsama jikin tayil, rana ta busar da shi, kalsiyam ɗin ya tsaya ya daskare, irin dai wanda ke taruwa a gindin butar dafa ruwa.

Kafin ka sayi komai, gane wane iri ne. Rage ruwan ya sauka ƙasa da tabon, ka ɗiga masa asid ɗin muriyatik (wani asid mai ƙarfi da ake amfani da shi a wuraren ninkaya) kaɗan. In ya yi kumfa, kalsiyam kabonet ne, ka yi sa'a. In ya yi shiru, kuma farinsa ya ja zuwa toka-toka, silikat ne, wanda ya daɗe yana taruwa kuma ya fi taurin kai.

Kabonet mara kauri, ruwan khal da ruwa rabi da rabi ya ishe shi. Fesa, ka bar shi ya jiƙa 'yan mintuna, ka bi da burushi. Mai kauri sai dutsen goge kaushi, amma dutsen da tayil ɗin su kasance a jiƙe koyaushe, in ba haka ba ƙarzane za ka bari. Kada dutsen nan ya taɓa tayil na gilashi ko bangon roba.

Asid kuwa, ni ina ajiye shi sai an rasa yadda za a yi. Yana cin simintin da ke tsakanin tayil, yana lalata mabul. In ya zama dole, sa safar hannu ta roba da tabarau na kariya, ka zuba asid cikin ruwa, ba ruwa cikin asid ba. Kada ya kusanci kulorin (maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwa) ko kaɗan, haɗuwarsu iska mai guba take fitarwa. Silikat da ya mamaye ko'ina, kira masu injin da ke feshin ƙananan ƙwayoyin gilashi, kada ka kashe kafaɗarka a banza.

To amma ko ka goge ya yi fes, zai dawo muddin ruwan bai daidaita ba. Auna shi duk mako: pH (ma'aunin tsamin ruwa) ya tsaya tsakanin 7.2 da 7.6, alkaliniti (ƙarfin ruwan na riƙe pH ɗinsa) 80 zuwa 120 ppm (wato kashi cikin miliyan), kalsiyam 200 zuwa 400 ppm. Da pH ya haura, kalsiyam sai ya fara fita daga ruwa. Kuma shi ba ya bin tururi, don haka duk cikon da ka yi ƙara shi kake yi, balle in da kulorin mai kalsiyam kake aiki. In ya wuce kima, zubar da wani kaso na ruwan ka zuba sabo.

Duba wani abu kuma. In farin daga tsakanin tayil yake fitowa yana gangarowa daga sama, ba daga ruwan ninkayar yake ba. Danshi ne ke ratsa siminti ta baya, sai magini ya toshe inda yake shiga.