Tambayoyinku kan Fasaha: Galaga, Lambobin Yabo da Masu Neman Na Banza

Tambaya: Malam, muna yara akwai gem ɗin da muke bugawa a kaset ɗin nan mai rubutun wasanni dubu ɗari tara da ɗoriya. Jirgi ne a ƙasa yana harbin ƙwari. Yayana ya ce Galaxian ne, ni na ce Galaga. Raba mana gardama. Daga mai karatu a Funtuwa.

Amsa: In akwai ƙwaron da ke saukowa ya zuƙe jirginka da haske, Galaga ne, wanda kamfanin Namco na Japan ya fitar a 1981. In kuwa harsashi ɗaya kake saki, sai ya ƙare kafin ka saki wani, Galaxian ne na 1979. Wataƙila duk kun yi gaskiya, don irin kaset ɗin nan yakan zo da su biyun. Wasanni dubu ɗari tara kuma, Allah ya jiƙan yarinta, 'yan ƙalilan ne ake ta sake wa suna.

Tambaya: Ina neman lambar yabo, wato shaidar bajinta da ake ba ɗan wasa, ta haɗa jirage biyu a Galaga, amma duk lokacin da na kashe ƙwaron da ya sace jirgina, sai jirgin ya juyo yana yaƙata. Daga wata mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Hajiya, gaggawa ce matsalarki. Manyan ƙwari huɗu ne a layin sama, kowanne sai an harbe shi sau biyu, harbin farko launi kawai yake canza masa. Ki bari ɗaya ya zuƙe ki, amma ki tabbata kina da wani jirgin a ajiye, in ba haka ba wasa ya tashi. To kada ki taɓa ɓarawon yana zaune a layi. Ki jira ya taso da jirginki a bayansa, yana cikin saukowa ki kashe shi, sai jirginki ya dawo ya haɗu da na ƙasa, ki kuma kula kada ki harbe naki. Ni nakan ba shi harbi ɗaya tun yana sama, don in ya sauko sau ɗaya ya ishe shi. Ki yi wannan kafin mataki na 3, domin nan ne zagayen garaɓasa na farko, sai na 7, sai na 11. Ƙwari 40 ne, rukuni biyar na takwas-takwas, ba sa harbi, hanyarsu kuma ba ta canzawa. Kika kashe su duka, maki 10,000. Da jirage biyu a tsakiyar allo, na farkon kusan kyauta ne.

Tambaya: Na gaji da faɗuwa a mataki na 9. Wani abokina ya turo min Galaga ta WhatsApp, wanda aka gyara, rai ba ya ƙarewa kuma duk lambobin yabon a buɗe suke. Amma ya ce in kashe Play Protect, mai gadin wayar Android daga miyagun manhajoji, sannan yana neman izinin karanta saƙonni da na Accessibility. In ba shi? Daga Kano.

Amsa: Ɗan'uwa, ajiye wayar nan ka saurare ni, don kai ne mutum na ban-san-adadi da ya kawo min wannan. Me jirgin da ke harbin ƙudan zuma zai yi da saƙonninka? Gaisuwa zai kai wa surukarka? Wasan da aka rubuta a 1981, wanda asalinsa ko rabin megabait bai kai ba, babu abin da yake buƙata sai allo da yatsanka.

Ga abin da kake shirin bayarwa. Izinin saƙonni yana ba manhaja damar ganin lambar sirrin da banki ke turo maka in za a fitar da kuɗi. Accessibility kuwa an yi shi ne don taimaka wa makafi da masu larura, shi ya sa manhajar da ta samu za ta iya karanta abin da ke kan allo, ta danna maɓalli a madadinka, har ta ƙara wa kanta wasu izinin kana barci. Haɗa biyun a wayar da manhajar bankinka take, ka ga ka miƙa makullin shago ke nan, ka kuma kori maigadi da hannunka tunda ka kashe Play Protect. Garin neman gira a rasa ido. Abokin naka ba lallai mugu ba ne, shi ma turo masa aka yi, kuma shiru da wayarsa ta yi ba shaidar lafiya ba ce, irin waɗannan sukan kwanta su jira albashi.

Abin da ya fi ba ni haushi ma shi ne ribar. Lambar yabo shaida ce cewa ka iya, ba a sayen ko ƙosai da ita. Wadda wani ya buɗe maka, wa za ka nuna wa? A RetroAchievements, shafin da ke ba da lambobin yabo na tsofaffin wasanni, wanda aka kama da maguɗi cire shi suke daga jerin gwanaye. Ka ga ka sa asusun bankinka a haɗari don abin da ko alfahari ba za ka iya yi da shi ba.

In ka riga ka saka, kashe data, janye izinin Accessibility, duba jerin manhajojin da ke da ikon kula da waya ka cire shi a can, sannan ka goge. Canza lambobin sirrinka daga wata wayar daban, ka duba shige da ficen asusunka. In ya ƙi goguwa, kwashe hotunanka ka mayar da wayar yadda ta fito daga kamfani. Kana son Galaga na halal? Bandai Namco ya sake fitar da shi a 2016 a Steam da PlayStation 4 da Xbox One, da lambobinsa. Mataki na 9 kuma maganinsa ka daina fakewa a kusurwa, nan ƙwarin ke rutsa mutum.

Tambaya: Ina bugawa a RetroArch, manhajar buga tsofaffin wasanni, na shiga asusuna na RetroAchievements, amma ko lamba ɗaya ba ta fito ba. Daga Kumasi.

Amsa: Ko ba ka da intanet lokacin da ka buɗe wasan, ko fayil ɗinka ba irin wanda shafin ya gane ba ne. In ya gane, zai nuna maka sanarwa da adadin lambobin tun da farko. Sannan ka kunna Hardcore. Zai hana ka loda ajiyar tsakiyar wasa da mayar da lokaci baya, ni kuma duk lambar da ba ta nan aka samo ba, ba na ƙirga ta.

Tambaya: A talabijin ina danna harbi sai jirgin ya yi jinkiri. Daga Jos.

Amsa: Kunna Game Mode a talabijin, cire Bluetooth ka jona fad ɗin wasan da kebul. In har yanzu kana mutuwa, to ba laifin talabijin ba ne.