Tambaya da Amsa: Akwatin wutar kwamfuta ya ƙone, wanda aka samo bai dace ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Akwatin wutar kwamfutata ta tebur, Dell OptiPlex 7020 ƙarama, ya ƙone. Na sayo na hannu, sai na ga filoginsa mai baki 24 ne, madabod ɗina (babban allon cikin kwamfuta) kuwa mai baki 8 yake karɓa, kuma akwatin ya yi wa gidan kwamfutar girma. In yanke wayoyin in haɗa?
Mai shagon buga takardu, Zariya

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, ajiye reza tukuna, fara gwada abin da ka sayo. Duba bayansa: in akwai ɗan jan makunni mai 115 da 230, mai da shi 230. Kayan da suka fito daga Amurka kan zo a 115, kana jona su a wutarmu sai ƙara da hayaƙi. Sannan, kafin ka jona wuta, lanƙwasa kilif ɗin takarda ka haɗa ramin koriyar waya da na baƙa a babban filogin. Ka kunna. In fanka ta juya, sa mitar auna wuta: rawayar waya ta ba da bolt 12, ja 5, ruwan lemo 3.3. Rawaya ta yi ƙasa da 11.4 ko ta haura 12.6, mayar wa mai shi.

Madabod ɗin nan bolt 12 kaɗai yake karɓa, shi ke sarrafa sauran da kansa, jerin ramukansa kuma na Dell ne. Waya ɗaya ta faɗa ramin da ba nata ba, ka yi asarar madabod. Nemi adafta daga 24 zuwa 8 wadda aka rubuta lambar kwamfutarka a jikinta; ta HP ba ta yi.

Girman kuwa ba matsala ba ne. Ajiye akwatin a waje kan katako, ka shigar da wayoyin ta ramin tsohon, ka naɗe bakin ƙarfen da tef don kada ya yanke su. Kada fankarsa ta fuskanci ƙasa ko bango, kuma a riƙa busa masa ƙura lokacin hunturu.

Tambaya: Na buɗe nawa akwatin wutar na ga fis ne ya tsinke. In ɗaura siririyar waya a wurinsa?
Ɗalibi, Maraɗi

Amsa: A'a, ɗan'uwa, sam. Fis ba ya tsinkewa haka kawai. Galibi wani abu ne ya ƙone a bayansa, diyod ko taransisto, ya haɗe wuta. Ka ɗaura waya, ka cire abin da ke hana gobara ke nan. Ga kuma babbar kafasita, mai tara wuta, a ciki, tana riƙe fiye da bolt 300, kuma takan ɗauki lokaci ba ta sauke ba ko an zare filogi. Rufe shi, ka kai wa mai gyara ko ka sayi wani. In wutar unguwarku tana hawa da sauka, haɗa sabon da sitabilaiza, kuma ka kashe kwamfutar kafin a tada janareta.