Tambaya da Amsa: Waɗanne maɓallan PowerPoint zan haddace kafin ranar difens?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni ɗaliba ce 'yar ajin ƙarshe a jami'a, saura mako uku mu yi difens na furojet. Na haɗa silaid 28 a PowerPoint, amma komai da maus nake yi, ƙaramin gyara sai ya cinye mini rabin awa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne abin da ya sami wata ƙawata bara. Wani malami ya ce ta koma kan jadawalin sakamakonta, ta yi ta danna baya, silaid suna ta wucewa, daga ƙarshe ta rikice ta fita gaba ɗaya, kowa yana kallon hotunan da ke fuskar kwamfutarta. An turo mini jerin maɓallai sama da ɗari a WhatsApp, na rasa ta inda zan fara. Don Allah waɗanne ne suka zama dole?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba da sa'a. Wannan jerin na WhatsApp ki ajiye shi gefe tukuna. Ba ƙarya ba ne, amma yawancin irinsa suna cakuɗa abubuwa biyu da bai kamata a cakuɗa ba, shi ya sa mutum yake haddacewa ya zo gaban jama'a ya ga maɓalli ya yi masa abin da bai aike shi ba.

PowerPoint yanayi biyu gare shi. Akwai lokacin da kike gini, kina rubutu da jera hotuna, akwai kuma lokacin da silaid ya cika fuskar kwamfuta kina nuna wa mutane. Maɓalli ɗaya yana iya zama da aiki daban a kowane yanayi. Ctrl+P a lokacin gini umarnin bugawa a takarda ne, a lokacin nuni kuwa alƙalami yake ba ki. Ctrl+M a lokacin gini sabon silaid yake ƙarawa, a lokacin nuni ɓoye zanen da kika yi da alƙalamin yake. Ctrl+L yana jan rubutu zuwa hagu idan kina gini, idan kina nuni sai ya zama jan ɗigon nan na nuna wuri. Haka Ctrl+S, haka Ctrl+E, haka Ctrl+A. Idan wannan ya zauna miki, rabin ruɗanin ya tafi.

Bari mu fara da ranar difens ɗin, tunda can ne fargabarki take.

Abin da ƙawarki ta rasa abu ne mai sauƙi ƙwarai. Kina cikin nuni, kina silaid na 26, malami ya ce, "Koma mana kan jadawalin nan na sakamako." Jadawalin yana silaid na 14. Ki danna 1, ki danna 4, ki danna Enter. Shi ke nan, kin isa. Lambar ba za ta bayyana a allo ba yayin da kike danna ta, don haka kada ki zaci bai ji ki ba. Idan an gama tambayar, ki danna 2, 6, Enter, ki dawo inda kika tsaya. Wannan dabarar tana da sharaɗi ɗaya, sai kin san lambar. Saboda haka ki sami 'yar takarda ki rubuta: manufofin bincike 4, hanyar tattara bayanai 9, jadawalin sakamako 14, shawarwari 25, ki ajiye ta kusa da laftof. Na ga ɗalibai da dama da suka burge kwamiti da wannan 'yar takarda kawai, domin malami yana rufe baki abin da ya nema ya riga ya fito. In kuma lambar ta ɓace miki, ki danna G, duk silaid ɗinki za su jeru ƙanana ƙanana ki zaɓi wanda kike so. Home yana mayar da ke na farko, End yana kai ki na ƙarshe.

Gaba da baya ba su da wuya. Dogon maɓallin nan na ba da tazara, ko kibiyar dama, ko N, ko Enter, duk gaba suke yi. Kibiyar hagu, ko P, ko Backspace, baya. Ki zaɓi guda biyu ki riƙe su, ni kibiyoyi nake amfani da su.

Sai maɓallin da a ganina aka fi yi wa rashin adalci, wato B. Kina danna shi allo zai yi baƙi ƙirin, ki sake danna shi silaid ya dawo daidai inda yake. W ma haka yake yi, sai dai shi fari yake mayar da allon. Amfaninsa? Duk lokacin da aka yi miki tambayar da amsarta ba ta kan silaid, idon mutane yana kan allo ne, kunnensu kuma yana bin idonsu. Ki baƙanta allon, za ki ga duk kawuna sun juyo gare ki. Haka idan shugaban kwamiti ya tsaya yin dogon jawabi, ko aka ce a dakata a yi salla, B ya ishe ki, ba sai kin taɓa Esc ba. Esc shi ne ƙofar fita, kuma shi ne ya tona wa ƙawarki asiri. Ki bar shi sai an tashi.

Shiga nunin kuma hanya uku ce. F5 yana farawa daga silaid na ɗaya. Shift+F5 yana farawa daga silaid ɗin da kike kai, kuma shi ne maganin wanda ya fita bisa kuskure: kada ki danna F5 ki koma farko kina ta tsallake-tsallake a gaban malamai, Shift+F5 zai mayar da ke wurin da kika faɗo. Na ukun shi ne Alt+F5, wanda ke buɗe fuskar mai gabatarwa. A nan ke kaɗai kike ganin silaid na yanzu, da wanda ke biye masa, da bayanan da kika rubuta wa kanki a ƙasa, da agogon da ke ƙirga mintunan da kika ci, su kuma mutane silaid kawai suke gani a bango. Daɗin Alt+F5 shi ne yana buɗewa ko babu majigi a jone, don haka za ki iya gwaji da shi a ɗakinki tun yau.

Amma fa akwai tarko a nan. Na taɓa tsayawa gaban mutane a wani ɗakin taro da laftof ɗin aro, na danna F5 da ƙwarin gwiwa, babu abin da ya motsa sai hasken fuskar kwamfutar. Na sake dannawa, haka dai. Dalili shi ne a laftof da yawa layin nan na sama an ba shi aikin ƙara sauti da haske da makamantansu, sai ka haɗa da Fn kafin ya yi aikinsa na asali. Ke nan Fn+F5, ko Fn+Shift+F5. A wasu na'urorin Fn+Esc yana juya tsarin ya zauna yadda kike so. Ki gwada wannan a kan ainihin kwamfutar da za a yi difens da ita, domin sau da yawa ta sashe ce ake sa kowa ya yi amfani da ita. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Idan an jona majigi bai nuna komai ba, ko ya nuna abin da ba ki so, wannan aikin Windows ne, ba na PowerPoint ba. Ki riƙe maɓallin da ke da tambarin Windows ki danna P. Zaɓi huɗu za su fito, biyu ne suka shafe ki. Duplicate yana sa bango ya nuna duk abin da ke fuskar laftof ɗinki, har da saƙon da ya shigo. Extend yana raba su biyu, kuma da shi ne fuskar mai gabatarwa take aiki yadda ya kamata.

Ga wata dabara da take tafiya da lamba da Enter. Kin ce silaid 28 gare ki, ni kuwa ina shakkar mintunan da za a ba ki za su ɗauke su duka. Waɗanda ba dole ba, kamar cikakken jadawalin alƙaluma ko samfurin takardar tambayoyi, ki mayar da su ƙarshe, ki danna maus na dama a kan kowanne ki zaɓi Hide Slide. Nuni zai riƙa tsallake su, amma suna nan, kuma lamba da Enter tana kai ki gare su. Malami ya ce ina hujjar wannan adadi, sai ki fito masa da ita.

Alƙalami kuwa, Ctrl+P ne yake kawo shi, ki zagaye adadin da kike magana a kai, E ya share zanen, Ctrl+A ya dawo da kibiyar maus. Idan kin fita zai tambaye ki ko ya adana zanen, ki zaɓi Discard sai dai in kina buƙatarsa. Gaskiya zane da yatsa a kan faifan laftof ba ya yin kyau, hannu kuma yana rawa a irin wannan rana. Ctrl+L ya fi miki. In duk kin manta, F1 a cikin nuni yana fito da jerin maɓallan, amma ki sani jama'a ma suna iya ganinsa.

Yanzu gini. A nan ba sai an tsawaita ba, domin abin da kika sani a Word yana aiki: Ctrl+C, Ctrl+V, Ctrl+B, Ctrl+Z. Ctrl+S kuwa ki mayar da shi ɗabi'a, kin san halin wuta da batirin laftof. Na PowerPoint kansa da za su rage miki wahala ba su da yawa.

Ctrl+M sabon silaid. Ctrl+Enter yana ɗauke ki daga akwatin kanu zuwa akwatin rubutu, idan kuma akwatunan sun ƙare ya buɗe miki sabon silaid, don haka za ki iya zuba rubutun silaid goma hannunki bai bar kibod ba. Ctrl+D yana kwafe duk abin da kika zaɓa, silaid ne ko hoto ko akwati, kuma yana da wata hikima da mutane ba su cika lura da ita ba. A ce kina son akwatuna huɗu a jere, na matakan bincikenki. Ki zana ɗaya, ki danna Ctrl+D, ki ja kwafin zuwa dama daidai tazarar da kike so, sannan ba tare da kin taɓa wani abu ba ki sake danna Ctrl+D sau biyu. Na uku da na huɗu za su faɗo da wannan tazarar da kansu, a layi ɗaya, ba sai kin yi ta gwaji da ido ba. Idan sun yi miki, ki zaɓe su duka ki danna Ctrl+G su zama abu ɗaya, ki matsar da su tare.

Shift ma abokin aiki ne. Riƙe shi yayin zane yana ba ki cikakkiyar da'ira ko murabba'i, riƙe shi yayin jan abu yana hana shi karkacewa. F4 yana maimaita abin da kika yi na ƙarshe, misali kin canja launin akwati ɗaya, ki zaɓi na gaba ki danna F4. Ctrl+Shift da alamar > yana ƙara girman rubutu, da alamar < yana rage shi. Shift+F3 yana juya haruffa tsakanin manya da ƙanana, ya hutar da ke sake rubuta kanun da kika buga duk da manyan baƙaƙe. Sauran da ba ki haddace ba, ki danna Alt shi kaɗai ki saki, haruffa za su bayyana a kan kowane umarni na sama, ki bi su ɗaya bayan ɗaya. Abin da kika fi yawan yi hannunki zai riƙe shi da kansa.

Duk abin da na faɗa na Windows ne. A kan Mac, inda PowerPoint ya fara fitowa a 1987 kafin kamfanin Microsoft ya saye shi a wannan shekarar, Command da Shift da Return ne ke farawa daga farko, Command da Return daga inda kike. A Google Slides kuma Ctrl+F5 ne yake fara nuni, L ya ba ki jan ɗigo, S ya buɗe bayananki, B da W da lamba da Enter duk suna aiki. Ki kuma adana kwafi ɗaya a matsayin PDF a filas ɗinki saboda tsaro. Idan PowerPoint ɗin wurin ya ƙi buɗe fayil ɗinki, ko ya wargaza miki rubutu, Ctrl+L a Adobe Reader yana cika allo da shafi, ki ci gaba da kibiyoyi.

A cikin makonni ukun nan, ki cire maus ɗin ki sa a jaka, ki danna Alt+F5, ki sa ƙaninki ko ƙawarki su zauna a matsayin kwamiti suna katse ki: koma kan manufofi, nuna mana jadawali, dakata tukuna. Ke kuma kina amsawa da lamba da Enter da B, har sai kin daina kallon yatsunki. Idan ranar aka miƙo miki 'yar na'urar nan ta hannu da ake canja silaid da ita daga nesa, ki karɓa, amma ki san yawancinsu gaba da baya da baƙanta allo kawai suka iya, ba su da lambobi. Saboda haka idan an zo lokacin tambayoyi, ki dawo ki tsaya inda hannunki zai kai kan kibod, 'yar takardarki kuma tana gefensa.