Tambayoyinku kan ƙiba, hanji da lafiyar jiki bayan jinyar kansar mama

Tambaya: Likita, na gama kemo (maganin kashe ƙwayoyin kansa) shekara ɗaya kenan, alhamdulillah, amma sai ƙiba nake yi kuma ba wani ci nake da yawa ba. Wata ta ce min wai ƙwayoyin cikin hanjina ne suka lalace, gaskiya ne?

Amsa: Sannu 'yar uwa, Allah ya ƙara lafiya. Maganar tata akwai ƙamshin gaskiya amma ba ita ce duka ba. A hanjin kowa akwai bakteriya masu amfani, an ƙiyasta kusan tiriliyan 38 a jikin baligi, kuma kemo da antibayotik suna rage yawan ire-irensu. To amma ƙibar bayan jinya dalilanta sun fi haka, akwai maganin dexamethasone mai buɗe cikin cin abinci da ake haɗawa da kemo, ga al'ada da kan ɗauke da wuri, ga tsoka da ta zube lokacin da kike kwance, kinga jikin da tsokarsa ta ragu ba ya ƙona abinci kamar da ko da cin bai ƙaru ba.

Abinda yasa nake damuwa da ƙibar nan ba don kyan gani bane. Bayan al'ada ta ɗauke, kitse ne ke zama babbar masana'antar sinadarin estrojin a jikin mace, kuma mafi yawan kansar mama da estrojin take girma. Hanji ma yana da hannu a ciki, hanta tana ɗaure estrojin ta turo shi hanji don ya fita da bayan gida, sai wasu bakteriya su kwance ɗaurin ya koma cikin jini. Dan Allah kar ki shiga horon yunwa, tsokar ce za ta ƙara zubewa. Ki yawaita wake, ganye, 'ya'yan itace da hatsin da ba a cire masa dusa ba, su ne abincin bakteriya masu kirki, a hankali za ki ƙara don kar ciki ya kumbura. Sai tafiya da ɗan sauri, minti 150 a sati kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce, da ɗaga ɗan nauyi sau biyu a sati.

Tambaya: Matata tana shan tamoxifen, maganin da aka ba ta bayan jinyar kansar mama, na ga ana tallar kafson probiotic mai ɗauke da bakteriya masu amfani wai yana hana kansar dawowa, in saya mata?

Amsa: Malam ka kyauta da kake kula da ita haka. Babu kafson da aka tabbatar yana hana kansar mama dawowa. Abinda aka tabbatar shi ne tamoxifen ɗin nan da take sha, shekara 5 zuwa 10 yadda likitanta ya tsara, shi za ka tsaya mata kar ta yi fashi. Yogot mara suga, da shi ma ake samun bakteriya masu amfani a ciki, ba laifi. In kuma ƙwayoyin jininta masu kare jiki sun yi ƙasa to kafson na iya jawo mata cuta ma, sai da izinin likitanta.

Tambaya: Ni kuma gajiya ce da rashin walwala, abu kaɗan sai kuka, ga cikina kullum a ɗaure.

Amsa: Wannan ba raki bane Hajiya, mata da yawa suna fama da shi bayan jinya suna ɓoyewa don kar a ce ba su gode wa Allah ba, abin yana taɓa ni sosai. Hanji da ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo ta jijiya da kuma sinadarai, shi yasa damuwa kan ɗaure ciki, ciki ma in ya rikice rai ya ɓaci. Amma kafin a ɗora wa hanji laifi a auna miki jini a ga ko ya yi ƙasa, a duba ƙwayar maƙogwaro wato tayirod, a duba magungunan da kike sha don wasu na ciwo da na hana amai suna ɗaure ciki. Ki sha ruwa sosai, ki ɗan taka ko minti 10 ne bayan cin abinci. In ɓacin ran ya wuce sati biyu ki faɗa wa likita baki da baki, yana da magani. In kuma kika ga rama ba dalili, ko ciwon ƙashi da ya ƙi tafiya, ko jini a bayan gida, kar ki jira ranar da aka ba ki, ki koma asibiti a satin.