Na tsinci mushen dila, zan iya jeme fatar?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, dan Allah na tsinci dila a gefen titi mota ta buge shi ya mutu, gashinsa da kyau sosai sai na feɗe fatar na zuba mata gishiri na shanya. In na jeme ta zan iya yin buzun sallah da ita ko na sayar?

Amsa: Wa alaikumus salam. Toh ɗan'uwa, dabbar da ta mutu ba yanka mushe ce, fatarta kafin jima najasa ce. Amma Ibn Abbas ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya wuce wata tunkiya da ta mutu, ta baiwar Nana Maimuna, yace me ya hana ku ɗauki fatarta ku jeme ku amfana, sukace ai mushe ce, yace cinta kawai aka haramta. A Muslim kuma yace idan an jeme fata ta tsarkaka. A wata ruwayar yace ruwa da ƙaraz suna tsarkake ta, ƙaraz ɗin nan dangin bagaruwa ne. Kaga kenan gishiri da rana da kayi ba su isa ba a wajen Shafi'awa, adanawa ce kawai kar ta ruɓe, sai an kankare nama da kitse an jiƙa ta da abin jima har wari ya tafi. Hanafawa ne suka sassauta kan shanyawa.

Inda maganar take shine, dila ba tunkiya bace. Abu Hanifa yace jima tana tsarkake kowace fatar dabba banda alade, Shafi'i ya cire kare da alade, shi kuma gashin mushe najasa ne a mazhabarsa ko bayan jima. Malikiyya a mashhuri sunce rangwame ne kawai aka yi, kayi amfani da ita a busasshen abu da ruwa, kuma Ibn Abi Zaid a Risala ya faɗa ƙarara, ba'a sallah a kanta ba'a sayar da ita. Gashin kuwa in an aske shi ba tugewa ba tsarkakakke ne a wajensu, a wanke shi yafi, suna kafa hujja da aya ta 80 a Suratun Nahli. Ibn Taimiyya ya zaɓi cewa jima kamar yanka take, abinda yanka yake halattawa shi take tsarkakewa.

Sannan ga hadisin Abul Malih daga mahaifinsa, Abu Dawud da Tirmizi da Nasa'i sun kawo shi, Annabi (SAW) ya hana fatun namun daji masu farauta. Wannan hadisin shi yasa zuciyata ta kasa natsuwa da fatar dila ko kura ko damisa, dan dila da fiƙa yake kamun abincinsa. Don haka abinda nake baka, kar kayi sallah a kanta kar ka sayar, kuma barinta gaba ɗaya yafi min. Da barewa ce ko gada ko zomo da na ce maka jeme ta da kyau kayi amfaninka, in ka shimfiɗa kayi sallah ma bazan ce ka sake ba saboda hadisin Muslim a fili yake, duk da fita daga saɓani yafi.

Wallahi abinda yafi damuna ma hannunka ne, dila yana ɗaukar ciwon haukan kare, kuma yawu ko ƙwaƙwalwar dabbar in ta taɓa rauni tana iya sa maka shi. In kana da yanka ko ƙarzuwa lokacin da ka feɗe, je asibiti yau ka gaya musu, kar ka jira sai ka ga alama. Wasu namun dajin kuma hukuma ta hana mallakar fatarsu ko tsintuwa kayi, ka bincika dokar inda kake.

Wallahu a'alam.