Tambayoyinku: Ina Baro Take, Me Ya Same Ta?

TAMBAYA: Malam, marigayi kakana tsohon leburan reluwe ne. Kullum yana ambaton wani gari wai shi Baro, yana cewa daga can dogon Arewa ya taso. Ni kuwa ban taɓa jin mai cewa za shi Baro ba. Ina take, me ya same ta? Daga wata mai karatu a Zariya.

AMSA: 'Yar'uwa, Allah ya jiƙan kakanki, gaskiya ya gaya miki. Baro tana bakin kogin Kwara a ƙasar Nupe, ƙaramar hukumar Agaie, jihar Neja.

Kogi ne ya jawo mata arziki. A 1907 Turawa suka naɗa Percy Girouard, injiniyan dogo, ya shugabanci Arewa. Iyakar inda manyan jiragen ruwa ke isowa da ƙarafa da injuna idan ruwa ya kawo, wato Baro, nan aka kafa tushen aikin dogo. Daga Baro aka ja layi ta Minna da Kaduna da Zariya, fiye da mil 350, har ya shiga Kano a 1911. Wannan aiki a wuyan talakawa ya ƙare: sarakuna aka sa su tara mutane, aka sare daji, aka ɗebi ƙasa da kwando a ka. Duk mai ba da tarihin dogo ya tsallake su, bai yi adalci ba.

To, kogin da ya ɗaga ta shi ya kayar da ita. Da rani ruwa kan janye, jirage su kasa matsowa. Ga kuma layin Ikko ya zo ya haɗu da nata a Minna. Da aka gama gadar Jebba a 1916, gyaɗar Kano ta riƙa wucewa Ikko kai tsaye, babu sauke-ɗora. Baro ta zama reshe, a hankali reshen ya bushe.

Na je can da damina, hanya ta ba mu wuya ƙwarai. Na tarar ciyawa ta haɗiye ƙarafan, awaki na kiwo a tsakaninsu. Wani dattijo ya kama hannuna ya nuna mini inda ake jibge buhuna, yana magana kamar jiya aka yi. Abin ya taɓa ni.

A Janairun 2019 Shugaba Buhari ya buɗe sabuwar tashar jiragen ruwa a garin. Ran da na je, ban ga jirgi ko ɗaya a bakinta ba, sai kwalekwalen masunta.