Amsa ga mai shirin gina rukunin gidaje a kan kufan tsohon gari

Wa alaikumus salam, Injiniya. Na karanta tambayarka da kyau. Ka ce kamfaninku ya sami babban fili inda wani tsohon gari ya taɓa zama kafin mutanensa su tashi, har yanzu ana ganin tudun ganuwa da tsingaro a warwatse, kuna so ku yanka fulotai ku gina rukunin gidaje, mai zane ma ya fara aiki. Kana tambaya ko akwai abin da ya kamata ku yi daban da sauran filaye. Akwai, kuma na farkonsa shi ne ka ce wa mai zanen ya ajiye alƙalami tukuna. Na fi shekara 20 ina aikin awon ƙasa da tsara unguwanni, sau uku aiki ya kai ni kan kufai, kuma na farkon har yau idan na tuna shi raina ba ya min daɗi.

A wancan aikin, a ofis na zauna na ja layuka miƙaƙƙu, fuloti kusa da fuloti, kowa ya yaba. Gireda ta shiga share fili. Rana ta huɗu direban ya kashe inji ya yafito ni. Bakin ƙarfen ya kankare wata da'irar duwatsu, ƙasar tsakiyarta baƙa ce wuluk, daban da ta kewaye. Wani lebura ya ɗauko rodi ya soka, sai rodin ya yi ta shigewa har hannunsa ya taɓa ƙasa. Tsohuwar rijiya ce da iska da ruwa suka cike, kuma daidai nan kusurwar wani gida za ta sauka. Wannan mun tsira, don mun gani. Wanda ba mu gani ba shi ne gwalalon da ke bayan ganuwa, wanda ya cike ya shafe har ba a bambanta shi da sauran fili. Gida guda ya hau rabi a kan gindin tsohuwar ganuwa mai tauri kamar dutse, rabi a kan cikon gwalalo. Damina biyu kacal, bangon ya tsage daga kusurwar taga har ƙasa, ina iya zura yatsuna huɗu a ciki. Birkila bai yi laifi ba, siminti ma ba a rage ba. Zanena ne ya ɗora gidan a wurin.

Ƙasar garin da aka zauna ɗaruruwan shekaru hawa-hawa take. Bango ya faɗi a baje shi a yi gini a kai, juji ya taru ya zama tudu, an haƙa ramuka an ɗebi ƙasar gini, ga rijiyoyi, ga masai, ga kaburbura. Taku goma kaɗai zai raba wuri mai ƙarfi da wurin da zai lotsa. Shi ya sa gwajin ƙasa irin na yau da kullum, wanda ake huda rami nan a tsallaka nesa a huda wani, ba ya wadatarwa a kufai. Sai ka huda wuri biyu duk su yi kyau, alhali rami na kwance a tsakaninsu.

Ka fara da takarda da bakin mutane, domin su suka fi araha. Ka nemi tsofaffin taswirori, hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama shekarun baya, da takardun ofishin filaye. Sannan ka nemi zuriyar waɗanda suka tashi daga garin, ka ɗauki dattawansu ka zaga filin da su a ƙafa. A aikina na biyu wani tsoho ya tsaya a wani ɗan kwari da ni ban ɗauke shi komai ba, ya ce nan ƙofar gari take, maƙabarta kuma tana hannun dama idan ka fita. Da aka bincika, haka abin yake. Kada ka raina tsohuwar taswira. A birnin New York na Amurka, a 1991, ana haƙa harsashin wani ginin gwamnatin tarayya aka faɗa kan maƙabartar 'yan Afirka, bayi da 'yantattu, ta ƙarni na 17 da na 18. Wurin yana cikin taswirorin da, amma an ɗauka gine-ginen baya sun riga sun shafe shi, ashe cikon ƙasa mai kaurin mitoci ne ya rufe shi ya kare shi. Sai da aka tono gawa 419 kafin kukan jama'a ya sa aka tsayar da haƙan. Aka soke wani sashe na ginin, aka mayar da ƙasusuwan aka binne a 2003, a 2006 aka ayyana wurin a matsayin abin tunawa na ƙasa. Duk wannan ɗacin rai da asarar da an kauce musu da an saurari taswira tun farko.

Maganar kabari ba ta da ciniki a wurina. Ba a gina ɗakin kwana a kan kakannin mutane, ko da doka ta yi shiru. A kewaye wurin, a bar masa hanyar shiga, kuma zuriyar su ji daga bakinku kafin su ji daga bakin direban katafila.

Sai hukuma. Kusan kowace ƙasa tana da hukumar kula da kayan tarihi da dokar da ta hana lalata su, kuma takardar mallakar fili ba ta ba ka ikon abin da ke ƙarƙashinsa kai tsaye. Ka je musu da ƙafarka tun yanzu, ka karɓi amsarsu a rubuce. Masu gini da yawa suna gudun wannan, wai kada su tsokano tsuliyar dodo. Ni abin da na gani shi ne, wanda ya je da wuri sharuɗɗa ake ba shi, wanda aka kama da katafila a cikin rami kuwa aikinsa ake rufewa. A Landan, a 1989, ana shirin gina ofisoshi aka gano harsashin gidan wasan kwaikwayo na Rose, wanda aka gina a 1587, bayan an riga an ba da izinin gini. Jama'a suka yi cincirindo suka tare wurin, dole aka sake zanen ginin ya tsallake kufan. Rikicin ne ya sa a 1990 Ingila ta fito da ƙa'idar cewa a binciki ƙasa kafin a ba da izini, kuma mai gini ne zai biya kuɗin binciken. Yarjejeniyar Valletta ta 1992, wadda ƙasashen Turai suka ƙulla kan kare kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa, ta baza irin wannan tunani a tsakaninsu. Ko dokar inda kake ba ta kai nan ba, ka ɗora wa kanka ita, don aljihunka take karewa.

Binciken kansa ba ya buƙatar a tone filin duka. Masana kayan tarihi suna da na'urar da ke auna maganaɗisun ƙasa, tana nuna ramuka da wuraren da aka taɓa hura wuta kamar murhu da maƙera, akwai kuma rada mai leƙa ƙarƙashin ƙasa wadda ke nuna bango da kogo. Bayan nan sai a yanka 'yan ramukan gwaji a wuraren da na'ura ta nuna, da ma wasu inda ba ta nuna komai ba, don na'ura tana kuskure. Abin da za ka samu a ƙarshe taswira ce mai nuna inda za a gina hankali kwance, inda za a gina bayan an tona an rubuta abin da ke ciki, da inda ba za a taɓa ba sam. Ita za ka miƙa wa mai zane. Tun ran gini tun ran zane.

A nan ne na fi so ka tsaya, domin nan ne mutane ke zaton asara za su yi. Kowane rukunin gidaje dole ya bar fili: wurin wasan yara, lambu, filin taro, wurin ajiye motoci. Tun da dole ne ka bar su, ka ɗora su a kan wuraren da ba a taɓawa. A aikina na uku tudun ganuwa ya zama hanyar tafiya da ƙafa mai itatuwa gefe da gefe, gwalalon muka bar shi ya ci gaba da aikin da ya saba na kwashe ruwan sama, tsakiyar garin kuma, inda tarihin ya fi kauri, ya zama filin unguwa. Fulotan da muka rasa kaɗan ne, kuma gidajen da ke kallon ganuwar su aka fara saye. Tsofaffin hanyoyi ma ka bi su inda ya yiwu. Mutanen da suka yi ɗaruruwan damina a wuri sun san inda ruwa ke bi fiye da wanda ya zo da na'urar awo ya yi mako biyu.

Inda dole gini ya hau kan abin tarihi, injiniyan gini yana da dabaru: a ɗaga ƙasa da ciko a zuba faffaɗan harsashi marar zurfi, ko a kafa ginshiƙai a wuraren da aka zaɓa da hannu. Gidan tarihin Akropolis da aka buɗe a Atina, babban birnin Girka, a 2009 a kan ginshiƙai fiye da 100 yake tsaye, tsohuwar unguwa na kwance a ƙarƙashinsa ana kallonta. Amma ka sa ido a kan abin da ake mantawa: ramin bututun ruwa, lambatu, sokawe da ramin wayar lantarki sun fi harsashin gida ɓarna, don su ne ke ratsa filin ko'ina. A haɗa su a layi ɗaya gwargwadon iko. Idan kuma ƙasar mai danshi ce, ka yi hattara da busar da ita. A Coppergate da ke birnin York na Ingila, haƙan 1976 zuwa 1981 ya fito da katako da takalman fata na zamanin Vikin, mutanen arewacin Turai da suka taɓa mamaye garin, shekara kusan dubu, saboda laima ta hana iska shiga. Irin waɗannan, ranar da ka janye ruwan ƙasa ranar suke fara ruɓewa, ko ba ka taɓa su ba.

Tsayin gini ma abin dubawa ne idan akwai sauran tsohon garin a tsaye kusa da ku. A 2021 UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta cire Liverpool daga jerin wuraren tarihi na duniya saboda sababbin gine-gine a bakin tashar jiragen ruwanta, kamar yadda ta cire kwarin Elbe na Dresden da ke Jamus a 2009 saboda gada guda.

Abu biyu kuma daga wurin aiki. Ka rubuta a cikin kwangila cewa duk wanda ya ci karo da wani abu zai tsaya ya faɗa, kuma za a biya shi kuɗin yininsa ko aiki ya tsaya. Na taɓa ɗaga wani buhun siminti da aka yasar na tarar da tukunya a ƙarƙashi, lafiyayya, bakinta a rufe da faifan dutse. Leburan da ya tono ta ya ɓoye ta ne don tsoron kada a dakatar da aiki ya koma gida hannu rabbana. Ban ga laifinsa ba, mu ne ba mu cire masa wannan tsoron ba. Na biyu, wurin da kuka keɓe, ku rubuta a takarda wanda zai riƙa kula da shi bayan kun sayar da gidaje kun tafi, a sa shi cikin taswirar da hukuma ta amince da ita. In ba haka ba, shekara biyar ta yi yawa ya zama bola, ko wani ya wayi gari ya yanka shi fuloti.

A wannan makon dai, ka hana kowace katafila kusantar tudun nan, ka sa a kafa turaku a kewaye shi. Idan an yi ruwan sama mai ƙarfi, washegari da sassafe ka zaga filin da takarda a hannu. Duk inda ruwa ya kwanta, ko ciyawa ta fi ta kusa da ita kore da tsayi, ka yi alama, yawanci rami ne a ƙasa. Ka ɗauki hoton tsingaron a inda yake ba tare da ka kwashe ba, ka tafi da hotunan da takardar da ka yi alamun a kai ranar da za ka je hukumar kayan tarihi. Allah ya sa a gama lafiya.